Motar kuɗi ba ta shiga gasar yara

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake kan abin da ya faru ranar Asabar a gidan gem ɗin nan na Samaru. Waɗanda suka je sun gani. An sa gasar tseren mota a Forza Motorsport, kowa ya biya kuɗin shiga iri ɗaya, sai ana dab da farawa mai shago ya ce motocin da ya sauke da kuɗinsa sai wanda ya ƙara wani abu zai hau. Wannan zalunci ne, kuma ba zan sassauta kalmar ba.

Ƙanena ya kwashe sati biyu yana koyon kwanonin Spa, wani filin tseren mota da ke cikin gem ɗin, ya san inda ake taka burki da inda ake sakin totur. Ina kallonsa, hannunsa na zufa a kan pad, leɓe a cije, wani yaro da bai iya ko shan kwana ba ya wuce shi a miƙaƙƙen titi don kawai babansa na da hali. Da muka fito ce min ya yi, "Yaya, ai da na sani da ban zo ba."

Za ku ce mai shago kuɗinsa ya sa, Car Pass ɗin, wato kunshin ƙarin motoci 30 na gem ɗin, da dala ake saye, ga data, ga man janareta. To wa ya hana shi cin riba? Ya ƙara kuɗin awa ranar da ba gasa. Amma ranar gasa mota ɗaya, aji ɗaya, kowa da kowa. Wasan da kansa ya raba motoci aji-aji bisa ƙarfinsu, sannan a gasar intanet ta wani gem ɗin tseren mota, Gran Turismo 7, ana daidaita ƙarfin inji da nauyin motoci don hannun direba ya raba gardama. Masu gem ɗin sun san haka, sai mu a Zariya za mu mai da shi kasuwar 'yan gata?

Masu cewa ai wasa ne kawai, ku bar ni. Yaron da ya tara kuɗin tara ya shiga bai ɗauke shi wasa ba.

Ni motar da zan biya na sauke da farin ciki ita ce Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, wadda Baba ke kai mu Tudun Wada da ita ranar sallah, mu bakwai a baya, giyarta a jikin sitiyari.