Jami'o'in Zamfara da Kebbi su riƙa ajiye wa juna bayanan bincike

Duk shekara ɗalibai na gama mastas da PhD a jami'o'inmu, su kai kundi laburare a jera a kanta, amma ainihin bayanan da suka sha rana suka tattaro, awon ƙasa ne, sakamakon lab ne, amsoshin manoman shinkafa da aka bi Argungu da Suru aka ɗauko ne, duk suna cikin laftof ɗaya ko wata 'yar filasha a aljihu. Ranar da aka sace laftof ɗin shikenan, na baya sai ya sake daga farko kuma da kuɗin aljihunshi.

Ku tuna gubar dalma ta 2010. Yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Bagega da Dareta da 'Yargalma, sanadin niƙan dutsen zinare mai ɗauke da dalma cikin gidaje. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun auna jinin yara, an auna ƙasar gidaje an kankare ta. Yaran da suka tsira yanzu samari ne da 'yan mata, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa har girma. Malamin da ke Jami'ar Tarayya Gusau, wadda sai 2013 aka kafa ta, in zai bibiyi yaran nan kamata ya yi ya samu kwafin irin waɗannan bayanai a nan gida Zamfara.

Abin da nake kira a yi ba wani tsafi ba ne. Jami'o'in Gusau, Talata Mafara, Birnin Kebbi da Aliero, a haɗa da Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kowace ta aje sabar tata, wato babbar kwamfutar ajiyar bayanai, duk fayil ɗin da aka ɗora a ɗaya manhaja ta kwafe shi da kanta zuwa biyu daga cikin sauran. Kamar mai raba hatsinsa rumbu uku ne saboda gobara. CERN, babbar cibiyar binciken kimiyya ta Turai, haka take raba bayananta a cibiyoyi wajen 170 cikin ƙasashe sama da 40, mu namu bai kai ko ƙurar nasu ba, kuma akwai NgREN da aka kafa don haɗa jami'o'in Najeriya.

Za a ce ina wuta ina netwok. To ai shi ya sa! A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, makonni ba intanet. Da akwai kwafi a Aliero, abokin bincikenka da ke can ko Zariya aiki zai ci gaba da yi.

Babbar matsalar gaskiya tsoro ne. Lakcara na gudun wani ya kwashe wahalarsa ya buga takarda ya samu ƙarin girma, kuma tsoron nan yana da dalili. Maganinsa a rubuta doka: duk bayanan da aka ɗora na ɗauke da sunan mai su da kwanan wata, a kulle su shekara biyu sai ya buga nashi, wanda ya yi amfani da su dole ya ambace shi, kwamitin ƙarin girma ya lissafa mashi. Sunayen marasa lafiya a cire kafin a ɗora, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta hana wasa da su.

TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ke ba da kuɗin bincike, ita ya dace ta sa sharaɗi: kar a saki kason ƙarshe sai an ga bayanan a sabar jami'a biyu.