Ƙannena ƴan dental, bakin mutane fa za'a miƙa muku

Assalamu alaikum ƙannena masu karatun likitan haƙori, musamman ku sabbin shigowa da ku da kuke shirin tsallakawa kilinik, inda ake fara duba marasa lafiya. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, yau dai nace bari in fitar da ita, wanda ta yiwa zafi yayi haƙuri, domin Allah nake faɗa.

Da yawanku ba dental kuka cike a JAMB ba, wannan kowa ya sani. Medisin kuka nema, maki bai kai ba ko gurbi ya cika, aka ce to ga BDS, wato digirin likitan haƙori, in kana so, ka karɓa kana ƙunƙuni. Shigowa ta haka ba komai bane wallahi, abin da yake damuna shine mutum ya shekara shida yana ɗauke da wannan ƙunƙunin a ransa. Sai kaga yaro yana aji uku amma in an tambaye shi a gida me kake karanta sai yace medisin, kullum yana zarya daga wannan ofis zuwa wancan yana neman canjin kwas, karatun da yake gabansa kuma yayi masa riƙon sakainar kashi. Wanda ya raina sana'arsa ba zai taɓa zama ya koye ta da kyau ba, kuma ƙarshen abin ba a kansa yake ƙarewa ba, a bakin wata baiwar Allah yake ƙarewa wadda bata san hawa ba bata san sauka ba. In Allah ya buɗe maka hanyar canji da wuri to bismillah, in kuma ka zauna to ka zauna da zuciya ɗaya.

Akwai kuma masu ɗaya matsalar, su sun yarda da dental ɗin amma sai kaji ana lakcar anatomi ko fisiyoloji tare da ƴan MBBS, wato masu karatun medisin, suna cewa ni meye haɗina da zuciya da ƙoda, ai baki kawai zan riƙa dubawa. Ƙanina bakin nan a jikin mutum yake. Wanda zai hau kujerarka yana iya zama mai hawan jini, ko mai ciwon suga, ko mai sikila, ko mace mai ciki, ko dattijon da yake shan maganin tsinka jini wanda in ka cire masa haƙori baka tambaya ba jinin zai ƙi tsayawa. Allurar kashe zafin da kake ɗurawa lidoken ce kuma yawanci da adirenalin a ciki, dole ka san iya adadin da jiki zai ɗauka da wanda ya kamata ayi taka tsantsan dashi. Shi kuwa anatomin kai da wuya wannan abincinka ne har ka bar aiki, ranar da zaka fara allurar kashe jijiyar muƙamuƙin ƙasa baka ganin jijiyar da idonka, yatsanka ne da abin da ka riƙe tun aji biyu zasu kai ka wurin.

To mu zo kan lab, don anan ne ake gane wanda zai zama likita. Fantom hed, wannan kan robar da ake jera masa haƙora a baka injin ace ka fafe. Ranar farko kowa hannunsa rawa yake, ka kalli madubi ka nufi dama injin ya tafi hagu, ace ka tsaya a milimita ɗaya da rabi ko biyu kai kuma ka zurma, malami ya zo ya zira furob, ɗan tsinken ƙarfen duba haƙori, ya girgiza kai yace sake. Ka sake, yace sake. Haushi zai kama ka, har kace malamin nan tsanata yayi. Ba tsana bace, tela in ya ɓata yadi kasuwa za'a koma a yanko wani, amma haƙorin babba in ka cinye shi da inji ya tafi kenan baya tsirowa, 32 ne Allah ya bashi kuma babu na canji. Gara ka ɓata na roba ɗari a lab da ka ɓata na mutum ɗaya.

Haka ɓangaren haƙoran roba, kaki da filasta da aljinet, wato garin da ake kwaɓawa a ɗauki awon baki dashi, farar rigarka duk ta ɓaci, ka kwaɓa aljinet da ruwan famfo a zafin watan Afrilu kafin ka gama loda shi a tire ya daskare, sai ka koyi neman ruwan sanyi, ka koyi zuba filasta nan take kafin awon ya motsa, ka jera haƙora a kaki ka rufe atikuleta, na'urar da take kwaikwayon muƙamuƙi, kaga gefe ɗaya ya haɗu ɗayan yana lilo, ka rushe ka faro daga farko har magariba. Wannan wahalar ita ce karatun. Shi yasa raina yake ɓaci in naji wai ɗalibi ya ɗauki aikinsa ya kaiwa wani a ɓoye ya biya kuɗi an jera masa, ya kawo an sa hannu yana murna. Wa ka cuta? Ranar jarabawa kai kaɗai ne da hannunka, in ma ka tsallake jarabawar to akwai ranar da zaka tsaya kai kaɗai a wani babban asibitin ƙaramar hukuma, babu rajistara babu konsoltan, wato manyan likitocin da suke gaba da kai, dattijo ya buɗe maka baki yana jiranka. Irin wannan ƙwarewar ba'a haddace ta daren jarabawa, hannu a hankali yake koya, don haka in lab a buɗe yake kuma akwai wuta, ka shiga ko ba ranarku bace.

Yanzu ga ainihin abin da yasa na ɗauko wannan rubutun. Rikwayamen, wato adadin ayyukan da dole ɗalibi ya yiwa marasa lafiya.

Duk wanda ya shiga kilinik ya san tashin hankalin logbuk, littafin da ake rubuta ayyukan da kayi, ciko kaza, cire haƙori kaza, wankin haƙori kaza, denca wato haƙoran roba kaza, in bai cika ba baza ka zauna jarabawa ba. Na san nauyin da yake ɗorawa, ga kujeru basu isa ba, ga wuta tana ɗaukewa kana tsakiyar aiki, ga yajin aiki ya cinye watanni, ga mara lafiya ka bashi rana ya ƙi dawowa, wani lokacin ma daga aljihunka kake biya masa kati da kuɗin mota don kawai ya zo. Duk na san wannan. Amma a hankali wannan matsin yana sauya yadda kuke kallon mutane, har harshenku ya nuna, sai kaji ana cewa "na samu kilas tu", wato wani nau'in ramin haƙori, "wa yake da denca ya bani", kamar babu mutum a jikin haƙorin.

Ku kalli abin da yake faruwa a benci. Iya ce ta taso daga ƙauye tun asuba, ta kwana uku bata runtsa ba, ta ɗaure kumatu da gefen mayafi, kuɗin motar ma wataƙila sai da aka sayar da kaza. Ɗalibi ya zo ko sannu babu yace buɗe baki, ya leƙa da madubi, yaga ba irin abin da yake nema bane, ya juya ya gayawa abokinsa da turanci cewa wannan bata da amfani a wurinsa, ya wuce. Na biyu ma haka. Ita kuma tana zaune tana bin fararen riguna da ido har azahar, bata ji turancin ba amma wallahi ta fahimci an raina ta. Me zai rage ka in kace sannu Iya, tun yaushe yake miki ciwo, ki ɗan ƙara haƙuri bari in kai katinki inda za'a duba ki? Minti biyu ne.

Wanda yafi wannan muni shine ka karkata magani zuwa inda logbuk ɗinka yake so. Haƙorin da za'a iya ceto shi da ciko ko aikin jijiya, kai kuma cirewa ce ta rage maka, sai ka ƙi yiwa mutum cikakken bayani, kace Baba ai wannan sai dai a cire, shi kuma ya yarda saboda kai ne mai farar riga. Ko ka fara yiwa mutum denca, da zarar an sa maka hannu ka daina ɗaga wayarsa, abin yana gurje masa dasashi ya rasa inda zai kai kuka ƙarshe ya jefa a kofi ya koma cin tuwo da dasashi. Ko a rubuta aikin da ba'a yi ba a kwaikwayi sa hannun malami. Wannan cin amana ne ƙannena, ko hukumar MDCN mai kula da likitoci da likitocin haƙori bata kama ka ba, ko makaranta bata sani ba, Allah yana gani kuma haƙƙin mutum baya faɗuwa ƙasa banza. In baka cika rikwayamen ba kaje ka faɗawa malaminka gaskiya tun da sauran lokaci, ƙarin wata shida a makaranta yafi sauƙi akan ka fita da haƙƙin bayin Allah a wuyanka.

Sannan ku yiwa mutane magana da yaren da suke ji. Abin kunya ne ka iya zayyano rabe raben ramin haƙori da likitan haƙori G.V. Black ya tsara tun daga na ɗaya har na biyar amma ka kasa yiwa Hajiya bayanin abin da yake damunta da Hausa. Zata ce maka tsutsa ce take cin haƙorin, kar kayi dariya, ka gaya mata ƙwayoyin cuta ne da ido baya gani, suna cin ragowar zaƙi su fitar da tsami, tsamin ne yake rarake haƙorin. Wani zai zo ya danna asfirin a jikin dasashi har wurin ya ƙone yayi fari, wani ya ɗiga ruwan batir ko fetur, wani ya cusa taba gari shekara da shekaru, ba wauta ce ta sa su ba, azaba ce da rashin wanda zai gaya musu. Kar kuma ka kushe asuwaki, sunna ne kuma yana aiki in an iya amfani dashi, ka ƙara masa da buroshi da man goge baki mai fuloraid safe da dare. In ka cire haƙori ka tsaya ka faɗa a nutse, ya cije audugar kamar rabin awa, yau kar ya kuskure baki kar yayi ta tofar da yawu kar ya sa harshe ko yatsa a ramin, daga gobe ya fara kuskurewa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri, in jini ya ƙi tsayawa ko fuska ta kumbura ya dawo ko da dare ne. Ka sa shi ya maimaita maka. Wasu daga cikin masu dawowa da ramin yana musu zugi bayan kwana biyu uku, in ka bincika ba'a yi musu bayanin nan yadda zasu gane ba.

Duk mai ganin aikin nan ƙarami ne ina so ya ɗan leƙa ɓangaren tiyatar baki da fuska. Yaga wanda ciwon haƙori ɗaya ya zame masa kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ya ɗaga harshe har numfashi yana gagara, yaga ƴan acaɓa da muƙamuƙi a karye, yaga ƙarin da aka bari shekaru ana shafa magani a gida har ya cinye rabin fuska. Ko ya karanta labarin cutar noma, wadda take kama yara ƙanana ƴan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, daga ɗan gyambo a dasashi cikin kwanaki ta huda kumatu, in ba'a yi magani ba kusan 9 cikin 10 basa rayuwa, alhali in an gano ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti sukutum na wannan cutar tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki dasu tun 2014, kuma sai a Disambar 2023 hukumar lafiya ta duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci dasu, Najeriya ce ma ta jagoranci neman hakan. Yaran nan namu ne, ƴan ƙauyukanmu ne. Makarantun dental tun shekarun 1960 aka fara su a Legas, mu a arewa sai daga baya muka samu irin su Maiduguri da Kano, har gobe likitocin haƙori sun yi mana kaɗan kuma yawancinsu suna manyan birane. Kujerar da kake zaune a kai kana ƙunƙuni, akwai garuruwa da yawa da suke jiran wanda zai taso daga kanta.

Ku kula da kanku ma. Kar wanda ya taɓa bakin mara lafiya bai yi rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, allura uku ce, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida, ku cika ta duka. Safar hannu da takunkumi da tabarau ba ado bane, in allura ta soke ka kar ka ɓoye don tsoron faɗa, ka wanke ka kai rahoto a take. Kayan aikin da baka tabbatar sun fito daga otokilef ba, wato injin kashe ƙwayoyin cuta da tururi, kar ka sa su a bakin kowa komai saurin da kake. Ku gyara zama tun yanzu, ku ɗaga kujera ku yi aiki da madubi, masu lanƙwasa wuya suna leƙe tun suna ɗalibai su ne suke fama da baya kafin su kai arba'in.

Sai maganar risit da rifit, wato sake rubuta jarabawa da maimaita aji. Makin cin jarabawa 50 ne kuma haziƙai da yawa sun taɓa faɗuwa sun tashi, yau suna nan suna aiki lafiya lau. In sakamako ya fito aka liƙa, kuka ga ɗan ajinku ko ƴar ajinku ta ɓace daga guruf ta kashe waya, kar ku ce a bata lokaci kawai ku watse, ku je har ɗaki ku ƙwanƙwasa, ku zauna da ita, ku ja ta zuwa karatun rukuni, wanda hannunsa ya faɗa a lab ya ware yamma ɗaya a sati ya tsaya mata a kan fantom hed har ranar risit ɗin.