A fara da bututu da lambatu kafin kwalta

Wani labari ya ce za a shimfiɗa kwalta a yi magudanan ruwa a unguwannin cikin birnin Kano. Madalla, amma jerin aikin shi ne magana. Bututun famfo ake fara binnewa, zurfin kamar mita 1, sannan lambatu, sai kwalta daga ƙarshe. In an juya, bayan damina ɗaya za ka ga ana fasa sabon titi don jona ruwa, ramin ya zama matattarar ruwa, kwalta ta ɓare.

Lambatu kuma daga mafita ake fara haƙa shi, wato daga inda zai zuba a rafin Jakara, a hauro. A ba shi gangarar kamar santimita 1 a kowace mita. In ya kwanta babu gangara, yashi da leda su zauna, sauro ya samu gida. Marfin ma a yi wanda mutum biyu za su iya ɗagawa, don yasa. Kada bututun ruwan sha ya ratsa cikin kwata. Ranar da aka ɗauke ruwa, duk inda ya tsage sai ya zuƙi ƙazanta, kwalara ta biyo.

Lungun da mota ba ta shiga, intalok, wato bulon siminti da ake jerawa a ƙasa, ya ishe shi.