Ranar da MG ɗin Baffa ta yi tari a PZ

Da Baffana ya rasu, Allah ya ji ƙansa, 'ya'yansa suka raba gida da gona, motar kuma aka rasa mai so, sai suka ce in ɗauka tunda ni ne mai yawan shafa ta. MGB ce ja, mai kujera biyu, rufinta na tamfol. Ya saye ta ne hannun wani Bature malamin jami'a a Samaru ta Zariya da zai koma ƙasarsu. A garin Abingdon na Ingila aka ƙera irinta daga 1962 zuwa 1980, sitiyarinta kuma a dama yake, don ta shigo tun kafin 1972, shekarar da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Har yau in an tsayar da ni a shinge, wajen matata ake zuwa neman lasisi.

Motar tana tafiyarta. Injinta mai silinda huɗu ne, cc 1,798, da kabureta biyu samfurin SU, kowace da murfi a ka da ake ɗiga wa mai lokaci-lokaci. Wahalarsu ɗaya, sai an daidaita su sun riƙa shaƙar iska daidai wa daida. Baffa da guntun tiyo yake yi, ya kara a kunne, ya saurari wannan ya saurari waccan, yana gyaɗa kai. Ni duk sanda na kara tiyon, hucin iska kawai nake ji.

Ana haka na tsinci kaina a intanet cikin dare, inda tsofaffin Turawa masu MG ke musu. Wasu suka ce a cire SU ɗin, a sa kabureta guda ta Weber 32/36 da sabon manifol, a huta. Manifol shi ne bututun da ke karɓar iska da fetur daga kabureta ya kai su bakin injin. Weber ɗin nan kuma maƙogwaro biyu gare ta, ƙarami na tafiyar yau da kullum, babban ba ya buɗewa sai an danne totur sosai. Wannan babban shi ya hana ni barci. Na kira ɗan yayata da ke karatu a Birmingham na ce ya sayo. Abin da na biya ban faɗa wa uwargida ba, kuma ba zan faɗa a nan ba, don tana karanta Facebook.

Bakanikena a Kwangila yake, mutum ne da ya goge a Peugeot 504 tun zamanin da ake harhaɗa ta a Kaduna. Ya buɗe kwalin, ya juya manifol ɗin, ya ce, “Malam, me motar ta yi maka?”

Na ce, “Ba ta yi mini komai ba, Oga. Ƙarfi nake so ta ƙara.”

“Za ka je ina da ƙarfin? Daga Tudun Wada zuwa Samaru?”

Na yi shiru irin na mai ilimi.

Tun a sifana aka fara. Notocin motar da inci aka auna su, kayan aikin garejin kuwa duk na milimita ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, wato lamba 12 ba ta shiga, 13 kuma ta yi sako-sako tana cinye kan noti. Aka tura yaro Sabon Gari neman sifanar inci, ya dawo bayan la'asar da rake.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Kan injin MGB ramuka biyar gare shi a gefe guda, biyu na shigar iska, uku na fitar hayaƙi. Silinda huɗu na ci ta rami biyu, kamar 'yan'uwa huɗu da aka ba akushi biyu, ko ka sauya mai kawo tuwon, hannaye dai ba su ragu ba. Oga ya faɗa mini haka, na ce Turawan intanet ba su ambata ba. Sannan manifol ɗin iska da na hayaƙi gaskit ɗaya, wato shimfiɗar da ke hana iska yoyo, suke kwana a kai, ƙusoshi ɗaya ke riƙe su, da washa mai kauri da ke danne leɓen wannan da na wancan lokaci guda. To leɓen sabon manifol ɗina bai kai kaurin na hayaƙin ba. Washa ta zauna a karkace, ta danne ɗaya ta bar ɗaya. Ido ba ya gani, amma inji ya sani.

Da aka tayar da ita sai ta kwarma ihu ba wanda ya taɓa totur. Iskar da ba a gayyata ba ce ke shiga ta gefen gaskit, silo ya haye sama ya ƙi saukowa. Mai shayin gefen gareji ya ɗauke kwanukansa. Oga ya sa aka kashe, aka sake kwancewa, ya ɗauki magagari ya zauna yana cin rabin kowace washa don ta yi matakala, ɓangare mai kauri ya hau siririn leɓe. Aiki ne na fasaha, na yaba masa, shi kuma ya ƙara a kuɗin aiki.

Aka zo rufe bonet, ya ƙi. SU a gefe suke kwance, Weber kuwa a tsaye take da matatar iskarta a ka, bonet ɗin na sauka a kanta. Oga ya ce akwai mai walda kusa, minti kaɗan zai huda rami a bonet ɗin ta leƙo. Na ce motar Baffa ba za a yi mata kaciya a tsufanta ba. Muka shirya a kan igiya, a ɗaure kafin a samo gajeriyar matata.

Washegari Asabar ɗin ɗaurin auren ɗan maƙwabcina ce a cikin birni, kuma na riga na yi wa ango alkawarin ni zan kai shi. Ya fito cikin farar shadda da malum-malum, aka naɗe shi aka cusa a kujerar hagu, rabin rigar na waje. Na ce bari mu zaga ta PZ mutane su gani.

Sun gani. Ina sakin totur a shataletale ta yi tari ta salansa, tas! tas! Ashe akwai sauran iskar ɓarauniya, mai ya yi mata kaɗan. 'Yan acaba suka watse, wata mai tallan gyaɗa ta kwanta ƙasa tana salati, wani ɗan kasuwa ya ja ƙofar shagonsa yana ciki. Ango ya ce, “Baba, ko in sauka in hau Keke?” Na ce ya kwantar da hankalinsa, injin na gyara murya ne.

A miƙaƙƙiyar hanyar da ta nufi Ƙofar Doka na ce yau sai na ji babban maƙogwaron nan da na biya wa kuɗi. Na danne totur har ƙasa. Ya buɗe kuwa, da wani gurnani mai daɗi da ban taɓa ji ba, kuma wallahi ban yi nadamar wannan daƙiƙar ba. A daƙiƙa ta gaba igiya ta tsinke. Bonet ɗin MGB ta gaba yake buɗewa, iska ta ɗaga shi ya tsaya ƙyam a gaban gilashi. Duniya ta zama ja. Na leƙa ta dama, ango ya leƙa ta hagu yana ba ni labarin hanya, hularsa ta yi nata wuri. Allah ya kiyaye, muka tsaya dab da wani baron lemo. Aka ɗaura auren ango na kan acaba, waliyyai ba su jira ba, dama ba a buƙatarsa.

Ranar Litinin na koma gareji na ce a mayar mini da SU ɗin na ɗan lokaci, kafin in kammala bincike. Oga ya dubi yaransa, yaran suka dubi sama. Sun ɗauka na yafe, sun sayar wa 'yan gwangwan da tsohon manifol ɗin, a kan sikeli, kuɗin bai wuce na shinkafa da wake ba. A Ingila masu MG har yanzu nemansu suke suna biya da fam.

Na bi sawu daga mai kura zuwa dillali, har na isa rumfar masu narka alminiyam suna zuba tukwane. Na kwatanta wa maƙerin, na zana masa a ƙasa, abu biyu masu murfi da bututu mai baki biyu. Ya ce ya tuna su sarai, ƙarfe mai kyau, ba datti. Ya juya ya ɗauko ludayi uku da madambaci.

“Ga su nan, Alhaji. Tunda naka ne, zan rage maka.”