Ku bar mana soyayyar ƙaramin gari

Akwai wani irin littafin soyayya da manya ke karantawa a ɓoye, don gudun kada a ce sun girma da shi. Shi ne labarin yaro da yarinya 'yan sakandare a ƙaramin gari, wanda daga bangon farko har na ƙarshe ba a kashe kowa, ba a sace kowa, babu aljani, babu boka, babu wanda ya gaji kamfani. Iyakar abin da ke faruwa, wani ya ga wata, ta kwanta masa a rai, ya rasa ta inda zai fara. Ni dai a wurina babu labarin soyayyar da ya kai wannan daɗi, kuma ina ganin masu kiransa shirmen yara ba su tsaya sun duba abin da ke cikinsa ba.

Ku fara duba garin kansa. A gari irin Gumel ko Rano ko Dutsin-Ma, ko Tasawa can a Nijar, ba a ɓuya. Mai shayin bakin tasha ya san ɗan wane ne kai, ya san kakanka. Matar da ke suyar ƙosai a kan kwana ta san wace yarinya ce ke wucewa Islamiyya bayan la'asar, kuma ta lura da keken da ya tsiri bin wannan layi alhali gidan mai shi yana can gabas da kasuwa. Kafin yaro ya yi ta maza ya buɗe baki, 'yan majalisa sun riga sun gano shi, har sun laƙaba masa suna. Wannan idon jama'a shi ke tuƙa labarin. Marubucin da ya kai masoyansa Abuja dole sai ya yi ta neman abin da zai shiga tsakaninsu, ya kawo hatsarin mota, ya kawo asiri, ya kawo uwar miji mai zuba guba a abinci. Wanda ya ajiye su a ƙaramin gari ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yayan yarinyar abokin ƙwallon yaron ne. Mahaifinta ne ladanin masallacin da yake salla. Malamin lissafinsu katanga ce kawai ta raba shi da gidansu. Tsakanin gidajen biyu bai fi tafiyar minti biyar ba, amma sai a cinye babi uku ba su yi wa juna magana ba, kuma mai karatu ba ya gajiya, domin ya san dalili.

Kunya ce ke ba abin ɗanɗano. A irin wannan labari komai ƙanƙantar abu yana da nauyi. Ya ari littafin darasinta, ya maido da shi da takarda a ninke a tsakiya, ita kuma ta yi kwana biyu tana juya ta ba ta iya buɗewa ba. Ta gaishe shi a bakin famfo ta ƙara da "ya gida", shi kuwa ya kwana yana tunanin ko wannan ƙarin yana da ma'ana. Sannan ga ƙaninta ɗan aike, wanda ake saye da alewa, wanda ya san sirrin kowa, kuma yake amfani da shi wajen gudun aiken niƙa. Sau da yawa shi ne ya fi kowa rai a littafin. Marubucin da ya san garinsa ya san cewa ranar kasuwa ce kaɗai ake samun cunkoson da za a gaisa ba a lura ba, Lahadi in Dambatta ce, Juma'a in Wudil ce, Alhamis in Maigatari ce. Ya san ranar hawan salla ita ce ranar da ake ganin juna cikin kwalliya, kowa yana yi kamar dawakai yake kallo. In an yi sa'a har aka kai ga zance, to a zaure ne, ita a can gefe tana wasa da bakin mayafi, ƙanwarta na zaune a ƙofa ta ƙi tashi saboda haka Inna ta ce.

Wanda ya ce babu komai a cikin wannan, ban san me yake nema a labari ba. Jira ne da fargaba da sa rai, kuma duk wanda ya taɓa zama ɗan shekara sha bakwai ya san su.

Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi, kuma shi ne dalilin da ya sa 'yan mata suka fi kowa riƙe irin waɗannan littattafai. Ku saurari maganganun da yarinya ke ji daga asuba zuwa dare a gidajenmu. Ɗauko, kai, wanke, share, goya shi, sauke tukunya, me ya tsayar da ke. Ba ƙiyayya ba ce, haka rayuwar gida take, amma da wuya a wuni guda wani ya tambaye ta abin da take tunani. Sai ta buɗe littafi ta tarar da yarinya kamarta, mai hijabin makaranta irin nata, mai faso a ƙafa saboda hunturu, kuma wani ya tsaya ya tambaye ta me take so ta zama in ta gama. Ta ce ungozoma, bai yi dariya ba. Ya lura ta fi shi iya lissafi, bai ji haushi ba, sai ma ya roƙe ta ta koya masa. Abin da ke kama zuciyar mai karatu ke nan, a ga mutum, a san da zamansa, a ɗauki maganarsa da daraja. Kuma abin ya faru a gari irin nata, tsakanin mutane irin nata, ba sai ta zama 'yar minista ba.

Wannan ƙishirwa ba yau ta fara ba. Tun tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare kuma manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa a Kano suka fara buga labaransu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'u. Shi ne abin da aka riƙa kira Adabin Kasuwar Kano, wasu da raini, wasu da alfahari. Mata da yawa suka shigo rubutun, kuma babban abin da suka yi ta juyawa shi ne auren dole da haƙƙin yarinya ta faɗi wanda take so. Aka samu masu ba da hayar littafi a unguwanni, littafi ɗaya ya zaga aji guda har bangonsa ya cire, gidajen rediyo suka riƙa karanta su matan aure na saurare suna aiki. A 2007 aka ƙona tarin littattafan da aka ƙwace a makarantun 'yan mata a Kano, ƙarƙashin A Daidaita Sahu, shirin gwamnatin jihar na gyaran tarbiyya. Na fahimci tsoron iyaye na wancan lokaci, domin ba duka littattafan ne masu tsabta ba. Amma na san mata da dama da ba su wuce firamare ba, waɗanda da waɗannan littattafai karatun bokonsu ya zauna, har suke iya duba wa 'ya'yansu aikin gida yau. Da aka tashi hukunci, an haɗa mai kyau da maras kyau a wuta ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne inda rubutun ya koma yanzu. Littafin takarda ya ja baya, labari ya koma waya, a Wattpad da zaurukan WhatsApp, inda ake sakin shafi-shafi, in an kai wurin da ya ɗauki zafi a ce sai an tura kuɗi. Ba na ƙin wannan, marubuciya ma tana da cefane. Amma ku duba jarumin da ya cika kasuwa. Attajiri ne, miskili, ba ya dariya, yana zaune a Maitama, unguwar masu kuɗi a Abuja, yana zuwa Dubai kamar mai zuwa bayan gida. An aura masa yarinya daga ƙauye, ya tsane ta, ya wulaƙanta ta, wani lokaci har da mari, ita kuma ta yi ta haƙuri babi bayan babi har ranar da zai gane yana sonta. Ƙaramin gari a irin wannan labari wurin da ake tsamo yarinya ne kawai, a wanke ta, a canza mata sutura. 'Yar shekara sha biyar da ta karanta irin wannan guda ashirin, me ta koya? Ta koyi cewa wulaƙanci ƙofar so ne, kuma namijin da ba shi da mota bai isa a rubuta labarinsa ba. Ga batsa kuma da wasu ke zubawa don a saya. In akwai littafin da ya kamata iyaye su ji tsoro, wannan ne, ba na yaron da ya yi wata guda yana neman ƙarfin halin cewa sannu ba.

Na san za a ce ai 'yan makaranta karatu ya kamata su sa a gaba, ina ruwansu da soyayya. Wannan magana ce ta wanda ya manta ƙuruciyarsa. Ko an rubuta ko ba a rubuta ba, zuciya a wannan shekaru tana motsi. Abin tambaya shi ne wane hoto za a ba ta. Labarin da yaro ke jin nauyin mahaifin yarinya, yake tsayawa a iyakar da addini da al'ada suka shata, yake ƙara ƙwazo a aji don kada ya ji kunya a gabanta, ni ban ga tarbiyyar da ya rushe ba. Na fi so 'yata ta san cewa haka ake son mutum, da mutunci, tun kafin wani ya zo ya gaya mata akasin haka.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba zan kauce masa ba. Ana cewa irin wannan labari yana shafa wa ƙaramin gari hoda. Gaskiya ne a waɗannan garuruwa akwai yarinyar da aka cire daga aji uku aka aurar, akwai mai talla har dare, akwai ajin da babu kujera. Marubucin da ya ɓoye wannan ya yi ha'inci. Amma daɗin labari bai hana shi gaskiya. Ƙawar jarumar tana iya zama wadda aka cire daga makaranta, kujerarta ta zauna babu kowa har ƙarshen zango. Kuɗin jarrabawar WAEC yana iya zama sai an sayar da akuyar Inna. Waɗannan ba sa ɓata labarin, su ne ma ke sa a yarda da shi.

Sannan ku tuna da wani abu. Akwai garuruwa a Katsina da Zamfara da Sakkwato, irin su Jibiya da Batsari da Maradun da Sabon Birni, waɗanda yau duk wanda ya ji sunansu sai gabansa ya faɗi, saboda ba a ambaton su sai a labarin hari da garkuwa da mutane. Yaron da aka haifa a can ya tashi yana jin sunan garinsu a rediyo tare da adadin gawa. Alhali a garin nan ana suna, ana biki, ana gaɗa, akwai wanda ke gyara wuyan rigarsa kafin ya bi ta ƙofar wani gida. Wallahi waɗannan yara sun cancanci su ga garinsu a littafi a matsayin wurin da ake son juna. Wanda ya rubuta musu haka bai yi ƙarya ba, ya faɗi rabin gaskiyar da jarida ba ta da filin faɗa.

Manya kuma da ke karantawa a ɓoye, na san abin da ke kai su. Yawancinsu sun bar gida, suna Legas ko Kaduna ko Saudiyya, a gidan haya inda ba su san sunan maƙwabci ba. Ba yaron da yarinyar kaɗai suke bi ba, garin suke nema, ƙanshin ƙasa a ruwan farko, ƙarar injin niƙa da hantsi, tsohuwar da ke kiran kowa da sunan kakansa. Har a Amurka labarin soyayyar ƙaramin gari kasuwa ce mai zaman kanta, kuma ina kyautata zaton dalilin ɗaya ne.

Inda nake ganin marubutanmu suka fi yin kuskure shi ne ƙarshe. Ba dole sai an rufe da ɗaurin aure da lefe akwati goma sha biyu ba. Waɗannan yara ne. Ƙarshen da ya fi dacewa da su shi ne sakamakon jarrabawa ya fito, shi ya samu gurbi a Zariya, ita a makarantar koyon jinya, iyaye sun san da maganar amma an ce a bari tukuna, kuma babu wanda ya san yadda shekaru huɗu za su yi da su. Mai karatu zai rufe littafin yana yi musu addu'a, kuma zai daɗe bai manta da su ba.

Don haka roƙona ga masu rubutu, musamman 'yan mata da ke tasowa, waɗanda gasa irin Hikayata ta BBC Hausa ta nuna mana yawansu tun 2016: ku dawo da labarinku gida. Ku kira garin da sunansa, ku sa ranar kasuwarsa daidai, ku bar Basakkwace ya yi Sakkwatancinsa, Bakatsine ya yi Katsinancinsa, kada ku mayar da kowa Bakano. Ku bar jarumin ya zama ɗan mai faci ko ɗan malamin firamare, ya hau kekensa, ya ji kunya. Ni dai in aka rubuta irin wannan zan biya kuɗina in karanta, in saya wa 'ya'yan 'yan'uwana, kuma ba a ɓoye zan karanta shi ba.