"Ai Babu Inda Ke Min Ciwo"

'Yan'uwa, wannan magana ta ishe ni a bakin masu ciwon suga, kuma kwanan nan har 'yan shekara talatin sun ɗauke ta. Da ita ake ajiye magani, a daina zuwa awo, a ce an warke. Wa ya gaya muku sai suga ya yi ciwo yake ɓarna? Aikinsa aikin gara ne, ta ciki yake ci.

Idan suga ya daɗe a sama, ƙananan jijiyoyin jini yake fara lalatawa. A bayan ido sai su riƙa tsiyayar jini da ruwa alhali mutum yana gani garau, ranar da duhu ya sauko an makara. Shi ya sa ake duba ido sau ɗaya a shekara, a ɗiga magani a buɗe ƙwayar a leƙa ciki. Ƙoda ma haka: tana fara zubar da furotin a fitsari shekaru kafin ƙafa ta kumbura, gwajin fitsari na shekara-shekara ne ke kama shi. Wanda ya ƙi, yana iya ƙarewa a wankin ƙoda, sau 3 a mako, kusan awa 4 kowane zama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙafa ce ta fi ba ni haushi. Jijiyar da ke sa a ji zafi ta mutu, tsakuwa ta shiga takalmi, mutum ya wuni yana taka ta bai sani ba. Jini ba ya isa wurin yadda ya kamata, ƙwayoyin cuta kuwa suga abincinsu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Ɗan gyambon da bai kai farce ba ya ci yatsa, ya haura, ana tambaya ana cewa ba ya ciwo. To ai rashin ciwon shi ne cutar! A duba tafin ƙafa kullum, da madubi in ya kama, a tsane tsakanin yatsu, a zazzage takalmi kafin a saka, a gwada zafin ruwa da gwiwar hannu.

Ku kuma masu tura saƙon "maganin suga sadidan" a WhatsApp, ku ji tsoron Allah. Mai busa sigari da suga a jika kuwa, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki yake wa shimfiɗa.

Awo ne ke faɗin gaskiya. Kafin a ci komai da safe ana son awon suga a jini ya nuna 80 zuwa 130 a ma'aunin mg/dL, awa 2 bayan cin abinci ƙasa da 180, gwajin jini na HbA1c mai nuna matsakaicin suga na wata 3 kuma ƙasa da kashi 7 ga yawancin manya.

Da can idan babba ya ce lafiya lau yake, akwai ɗan da zai durƙusa ya cire masa takalmi ya duba da idonsa. Yanzu uba na ɗingishi a tsakar gida, ɗa na gefe, kai a sunkuye cikin waya.