Mai Karkataccen Baki Da Jikokinsa

Wani abokin aikina a nan Gilasgo sunan gidansu Campbell. Ranar da ya gaya mini ma'anar sunan sai da na ajiye kofin shayi don dariya. A harshen Gelik na mutanen tsaunukan Sukotlan, "cam" karkatacce ne, "beul" kuwa baki. Wato wani kakan kakansa aka tsokana da mai karkataccen baki, tun ƙarni na 13, sunan ya bi zuri'a har yau. Haka 'yan gidan Cameron, su kuma karkataccen hanci.

Mu ma ai gwanayen laƙabi ne: Dogo, Gajere, Baƙo, Tanko. Amma namu yakan bi mai shi kabari. Ɗa ya ɗauki sunan uba, jika ya ɗauki na ɗa, kafin a kai tattaɓa-kunne an manta da na farko. Wanda ya shiga boko a da sai a liƙa masa garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari.

Su kuwa 'yan Campbell daga gefen tafkin Awe a ƙasar Argyll suka taso, suka yi ta faɗaɗa har shugabansu ya sami babbar sarautar Argyll a 1701, kuma fadarsa na nan a Inveraray. Abokin nawa ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa a can, gidan haya yake kamar ni, amma yana lissafo wannan tarihi kamar maroƙi na jero kirarin sarki. Gaskiya na ɗan ji kishi.

Sai dai sunan da bai mutuwa, laifinsa ma bai mutuwa. A watan Fabrairun 1692 sojojin gwamnati, ƙarƙashin wani kyaftin Campbell, suka sauka baƙunta wurin wata zuri'a, 'yan MacDonald, a kwarin Glencoe. Kusan mako biyu suna cin abincinsu, sannan suka tashi da asuba suka kashe kimanin mutum 30. Umarnin daga gwamnatin Sarki William ya zo, amma cin amanar a kan Campbell ya tsaya. Abokina ya ce har yanzu idan ya faɗi sunansa gaban ɗan MacDonald sai an jefe shi da maganar, cikin raha dai, irin ta Bakatsine da Bagobiri.

Da aka zo yi wa 'yata takardar haihuwa, sunan mahaifina na rubuta mata a gurbin sunan gida, don ya dace da fasfona. Da na faɗa wa Hajiya a waya, cewa ta yi: "To ita 'yarka ce ko ƙanwarka?"